Ba a Raba Gado Sai an Biya Bashi: Polan da Tunawa da Yahudawanta

Kawuna ya yi shekaru masu yawa yana aikin magatakarda a kotun shari'ar Musulunci kafin ya yi ritaya, kuma har yau idan aka yi rasuwa a unguwarmu ta Ƙofar Sauri a nan birnin Katsina, zaurensa magada suke zuwa bayan an share makoki domin ya duba musu yadda za a raba abin da mamacin ya bari. Tun ina yaro na lura cewa ba ya fara lissafi da gida ko gona. Tambayarsa ta farko ita ce ko akwai bashi a kan mamacin, idan kuwa magada suka yi shiru suna kallon juna, sai ya rufe littafinsa ya ce su je su bincika su dawo. Wannan tambaya tasa ce ta riƙa dawo mini a rai cikin watannin da na shafe ina karanta yadda mutanen ƙasar Polan suke jayayya da junansu a kan abin da ya sami Yahudawan ƙasarsu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ranar da na fara ambata maganar a zauren, wani ƙanena ya tare ni da cewa, "Yaya, me ya haɗa ka da kukan Yahudawa alhali kana ganin abin da ake yi wa mutanen Gaza?" Na ce masa abin da ake yi wa mutanen Gaza ya isa a zubar da hawaye a kansa, amma mutanen da nake karanta labarinsu teloli ne da dukawa da masu ƙananan kantuna da matansu da 'ya'yansu, waɗanda aka kashe shekaru kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, saboda haka ba su da hannu a abin da ya biyo baya. Abin da ya ja hankalina shi ne halin da al'umma take shiga idan ta daɗe tana ganin kanta a matsayin wadda aka zalunta, sannan wata rana aka kawo mata hujjar cewa wasu daga cikin 'ya'yanta sun zalunci wanda ya fi su rauni.

Wanda bai san wahalar da Polan ta sha ba, da wuya ya fahimci taurin kanta a wannan batu. Rasha da Ostiriya da masarautar Prussia ta Jamusawa sun yayyanka ta sun raba tsakaninsu, har sunanta ya ɓace daga taswira tun daga 1795 sai a 1918 ta dawo. A cikin waɗannan shekaru 123 mawaƙanta suka gina mata kamannin al'umma marar laifi da aka gicciye saboda zunubin wasu, har suna kiranta Almasihun al'ummai. Shekara 21 kacal da dawowarta, Jamus ta afka mata ranar 1 ga Satumba 1939, Tarayyar Sobiyet kuma ta shigo ta gabas ranar 17 ga watan, bisa yarjejeniyar sirri da gwamnatocin Hitler da Stalin suka ƙulla. A 1940 jami'an Stalin suka harbe hafsoshin soja da 'yan sanda da 'yan bokon Polan kimanin 22,000 a dajin Katyn da wasu wurare, a 1944 kuma Jamusawa suka mayar da birnin Warsaw kufai bayan boren kwana 63 da mazaunansa suka yi. Ƙasar ta rasa kusan mutum miliyan 6 a yaƙin, kimanin rabinsu Yahudawa ne.

Kafin yaƙin akwai Yahudawa kimanin miliyan 3.3 a Polan, wato kusan mutum ɗaya cikin goma, kuma kakanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar. Tara cikin goma daga cikinsu ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Sansanonin da aka hallaka mafi yawansu, irin su Auschwitz da Treblinka da Sobibor da Belzec, Jamusawa ne suka tsara su, suka gina su a ƙasar da suka mamaye, suka kuma tafiyar da su. Polan ba ta kafa gwamnatin 'yan amshin shata da ta yi wa Hitler aiki ba kamar yadda aka yi a Faransa. Gwamnatinta ta yi gudun hijira zuwa Landan, kuma a watan Disamba 1942 ta aika wa ƙasashen ƙawance takarda a hukumance tana sanar da su kisan ƙare dangin da ake yi. Manzonta Jan Karski, wanda ya shiga unguwar da aka killace Yahudawa a Warsaw a ɓoye ya ga abin da idonsa, ya kai labarin har gaban Shugaba Roosevelt na Amurka a 1943. Tun daga Oktoba 1941 dokar Jamusawa ta ce duk wanda ya ɓoye Bayahude hukuncinsa kisa ne, duk da haka aka kafa wata ƙungiyar sirri mai suna Zegota a ƙarshen 1942 domin agaza musu, kuma a yau cibiyar Yad Vashem ta tunawa da kisan Yahudawa da ke Birnin Ƙudus ta karrama 'yan Polan sama da 7,000 da suka ceci Yahudawa, adadin da babu wata ƙasa da ta kai shi. Duk wannan gaskiya ne, kuma ɗan Polan da ya faɗe shi da alfahari bai yi ƙarya ba.

Matsalar ita ce an daɗe ana tsayawa a nan. Bayan yaƙin, gwamnatin 'yan gurguzu da Mosko ta ɗora ta ga ya fi mata sauƙi ta narkar da Yahudawa cikin jerin al'ummomin da 'yan Nazi suka zalunta, ba tare da ta ware su ba. Allunan da aka kafa a Auschwitz sun ce mutum miliyan 4 ne suka mutu a wurin, ba su kuma bayyana cewa galibinsu Yahudawa ba ne, sai a 1990 aka cire su, bayan binciken masanin tarihin gidan, Franciszek Piper, ya nuna cewa adadin ya kai kimanin miliyan 1.1, kuma kusan tara cikin goma Yahudawa ne. Ga yaron da ya tashi a makarantun wancan zamani, Auschwitz wurin shahadar 'yan Polan ne, kuma yana da dalili, domin fursunonin farko 728 da aka kai can a watan Yuni 1940 galibinsu 'yan Polan ne da aka kama bisa dalilan siyasa. Akwai kuma abin da ba a son tonawa, wato gidaje da shaguna da kayan ɗaki na waɗanda aka kwashe, waɗanda suka koma hannun maƙwabta. Bayahuden da ya tsira ya dawo garinsu yakan tarar da wani iyali a cikin gidansa, kuma ba kowa ne ya yi murna da ganinsa ba. Ranar 4 ga Yuli 1946, fiye da shekara guda bayan ƙarshen yaƙin, jita-jitar cewa Yahudawa sun sace wani yaro ɗan shekara takwas ta sa taron jama'a tare da wasu sojoji da 'yan sanda suka kashe Yahudawa 42 a garin Kielce, abin da ya sa dubun dubatar waɗanda suka rage suka tattara suka bar ƙasar. A 1968 gwamnati ta sake tayar da wani kamfe da ya kori kimanin 13,000, aka kuma ƙwace musu takardar zama 'yan ƙasa.

Wanda ya fara fasa wannan shiru da ƙarfi malamin adabi ne a birnin Krakow mai suna Jan Blonski. A watan Janairu 1987 ya buga maƙala a wata jaridar mako-mako ta mabiya ɗarikar Katolika, inda ya ɗauko wata waƙa da Czeslaw Milosz ya rubuta a 1943 game da wani lilon shaƙatawa da ke juyawa da mutane suna nishaɗi a gefen katangar unguwar Yahudawa, a daidai lokacin da Jamusawa suke ƙone unguwar hayaƙi yana tashi. Blonski bai ce 'yan Polan sun yi kisan ba. Ya bambanta tsakanin sa hannu a laifi da ɗaukar wani kaso na alhaki saboda halin ko-in-kula, ya ce ya kamata a daina ciniki da kare kai a furta cewa an gaza. Wasiƙun fushi suka yi ta kwarara zuwa ofishin jaridar. Idan aka dubi abin da ya fito fili daga baya, za a ga cewa tuhumar tasa mai sauƙi ce ƙwarai, domin ta bar ɗan Polan a matsayin ɗan kallo.

Matsayin ɗan kallon ne ya rushe a shekarar 2000, lokacin da Jan Tomasz Gross, masani haifaffen Warsaw da ya bar ƙasar bayan rikicin 1968 ya koma koyarwa a Amurka, ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi da ma'anar sunansa ita ce Maƙwabta. Littafin ya ba da labarin Jedwabne, wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin ƙasar kusa da Lomza. Garin ya kasance a hannun Sobiyet daga 1939 har zuwa Yuni 1941, lokacin da Hitler ya juya wa Stalin baya sojojinsa suka karɓe yankin. Ranar 10 ga Yuli 1941 aka tattara Yahudawan garin a dandalin kasuwa, aka tilasta wa wasu mazajensu su farfasa gunkin Lenin da Sobiyet suka kafa su ɗauke shi a kafaɗa, aka kashe su aka binne tare da gutsattsarin gunkin. Sauran kuwa, har da mata da yara da tsofaffi, aka kora su cikin wani babban rumbun katako irin wanda manoman can suke ajiye hatsi da ciyawa, aka zuba kananzir aka cinna wuta. Dutsen tunawa da aka kafa a wurin zamanin 'yan gurguzu ya ce 'yan sandan asirin Jamus da jandarmominsu ne suka ƙone mutum 1,600. Gross ya ce mutanen garin ne suka aikata, kuma hujjarsa ba wata ɓoyayyiya ba ce: akwai shaidar da wani da ya tsira, Szmul Wasersztein, ya bayar tun 1945, akwai kuma takardun shari'ar da aka yi a Lomza a 1949 wadda ta hukunta wasu mazauna garin. Hukuma ta sani, mutanen garin sun sani, dutsen kuma ya ci gaba da faɗin abin da aka rubuta masa shekaru da dama.

Ya kamata a yaba wa Polan a kan abin da ya biyo baya, domin muhawarar da aka yi a jaridu da talabijin da coci-coci a 2000 da 2001 ba kowace ƙasa ce za ta iya jure irinta ba. Cibiyar Tunawa ta Ƙasa, wadda ake kira IPN, hukumar da aka kafa domin binciken laifukan 'yan Nazi da na 'yan gurguzu, ta buɗe bincike. An fara tono kaburburan a 2001, aka dakata saboda addinin Yahudawa ya hana tayar da ƙasusuwan matattu, abin da masu musu suke fakewa da shi har gobe. Binciken da aka rufe a 2003 ya rage adadin Gross, ya ce aƙalla mutum 340 ne aka kashe, ya ce Jamusawa ne suka ingiza kuma suka ba da dama, amma ya tabbatar da cewa waɗanda suka aikata da hannunsu maza ne 'yan Polan kimanin 40 daga garin da kewayensa, sauran jama'a kuma suka zuba ido. An kuma gano cewa ba Jedwabne kaɗai ba ce, domin kwana uku kafin nan an yi makamancin haka a Radzilow da ke kusa.

Ranar cika shekara 60, wato 10 ga Yuli 2001, Shugaba Aleksander Kwasniewski ya tsaya a garin ya nemi gafara. Abin lura shi ne yadda ya auna kalmominsa, domin ya ce yana roƙo da sunan kansa da sunan 'yan Polan da wannan laifi ya girgiza zukatansu, ma'ana bai ɗora wa kowa tuban da bai yi niyya ba. Manyan limaman Katolika sun riga sun yi tasu addu'ar neman gafara a wata coci a Warsaw a watan Mayu, amma shugabansu Kadinal Jozef Glemp bai je Jedwabne ba, limamin garin ya ƙaurace wa taron, mafi yawan mazauna garin kuma suka zauna a gidajensu. Magajin garin da ya goyi bayan taron bai daɗe a kan kujerarsa ba, daga baya ma ya bar ƙasar. Uzurin da aka fi ji a bakin masu kare garin shi ne wai Yahudawa sun yi maraba da Sobiyet, sun nuna musu gidajen waɗanda aka kwashe zuwa Siberiya, wato dai idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Gaskiya ne cewa mulkin Sobiyet ya azabtar da yankin, kuma an sami masu yi masa aiki a cikin kowace al'umma, amma Sobiyet ɗin sun kwashi Yahudawa ma zuwa Siberiya, kuma babu wanda ya iya bayyana laifin da jaririn da aka jefa cikin rumbun ya yi wa kowa.

Daga nan sai iska ta sauya. 'Yan siyasar ra'ayin riƙau suka ƙirƙiro wa wannan salon tono laifin kai suna, suna kiransa tarbiyyar jin kunya, suna cewa ana koya wa yaran Polan su sunkuyar da kai a gaban duniya alhali Jamus da ta aikata ta'asar ta zama mai arziki da mutunci. A muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa ta 2015, Andrzej Duda ya caccaki Shugaba Komorowski saboda ya sake neman gafara a kan Jedwabne a 2011, kuma Duda ne ya ci zaɓen. A 2016 ministar ilimi ta ƙi amsa tambayar ɗan jarida a talabijin kan ko su wane ne suka yi kisan Jedwabne da na Kielce. Ba zan ce ƙorafinsu duka banza ne ba. Jaridun ƙasashen waje sun sha rubuta "sansanonin kisa na Polan", har Shugaba Obama ya yi wannan suɓutar baki a watan Mayu 2012, kuma a wajen karrama Jan Karski ne, mutumin da ya sayar da ransa domin ya tona asirin sansanonin. Obama ya rubuta wasiƙar nuna nadama, amma ciwon ya riga ya shiga. Duk wanda aka kashe masa kaka a wani wuri, sannan aka wayi gari ana jingina wurin da sunan ƙasarsa, yana da haƙƙin ya fusata.

Sai dai maganin da aka kawo ya wuce ciwon. Ranar 26 ga Janairu 2018, ana jajibirin ranar tunawa da kisan ƙare dangin ta duniya, majalisar wakilai ta amince da dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara uku ga wanda ya jingina wa al'ummar Polan ko ƙasarta alhakin laifukan 'yan Nazi saɓanin gaskiya. Lafazin dokar bai taƙaita ga maganar sansanoni ba, ya bar ƙofa a buɗe, shi ya sa tsofaffin da suka tsira suka riƙa tambaya ko ba da labarin maƙwabcin da ya tona musu asiri zai zama laifi. Isra'ila da Amurka suka matsa lamba, a ƙarshen Yuni na shekarar aka cire hukuncin ɗaurin, firaministocin Polan da Isra'ila suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa wadda masana tarihin Yad Vashem suka ce ta ƙunshi kurakurai masu nauyi. An rufe ƙofar kurkuku, amma ta ƙarar ɓata suna ta zauna a buɗe. A 2018 ɗin ne Barbara Engelking da Jan Grabowski suka jagoranci fitar da wani bincike mai juzu'i biyu kan gundumomi tara, wanda ya kiyasta cewa biyu cikin uku na Yahudawan da suka gudu suka nemi mafaka a ƙauyuka da dazuzzuka ba su tsira ba, kuma sau da yawa da hannun mutanen yankin ko 'yan sandan Polan masu shuɗin kaki da ke aiki ƙarƙashin Jamusawa. Wata tsohuwa, 'yar ɗan'uwan wani dagaci da aka ambata a littafin, ta kai su kotu da tallafin wata ƙungiyar kare sunan ƙasa. A Fabrairu 2021 kotu ta umarce su su nemi afuwa, a Agusta kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, tana mai cewa ba aikin alƙali ba ne ya yanke wa masanin tarihi wace shaida zai yarda da ita. Dagacin nan kuwa, bisa shaidar matar da ta tsira, ya taimaka mata ta kuɓuta, ya kuma karɓe mata kaya, an kuma zarge shi da hannu a mutuwar wasu da suka ɓuya a daji. Mutum ɗaya ne, kuma kowane ɓangare ya yanki abin da yake so daga jikinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka mayar da masu ceto garkuwa. A ƙauyen Markowa, ranar 24 ga Maris 1944, jandarmomin Jamus sun harbe wani manomi mai suna Jozef Ulma da matarsa Wiktoria, wadda take da tsohon ciki, da 'ya'yansu shida, tare da Yahudawa takwas da suka ɓoye a gidansu. An buɗe gidan tarihi da sunansu a 2016, an mayar da ranar mutuwarsu ranar ƙasa ta tunawa da masu ceto a 2018, Cocin Katolika kuma ta ɗaga iyalin gaba ɗaya zuwa matakin da ke gab da na waliyyai a Satumba 2023. Sun cancanci wannan da abin da ya fi shi. Amma jandarmomin ba duba suka yi suka gano gidan ba, wani ne ya kai rahoto, kuma masu bincike sun fi karkata ga cewa wani ɗan sandan yankin ne mai shuɗin kaki. Labarin masu ceto, idan aka bi shi har ƙarshe, shaida ne a kan waɗanda suke kewaye da su, domin Bajamushe baƙo ne da bai san wace uwargida ce ta fara sayen burodin da ya fi ƙarfin iyalinta ba, maƙwabci ne ya sani. Antonina Wyrzykowska, matar da ta ɓoye Yahudawa bakwai a gonarta kusa da Jedwabne sama da shekara biyu, cikinsu har da Wasersztein, ta sha duka a hannun mutanen yankinta bayan an kori Jamusawa, har ta bar ƙauyen. Da yawa daga masu ceto sun roƙi waɗanda suka ceta kada su faɗa wa kowa. Akwai ma marubuciya Zofia Kossak, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa agajin da ya zama Zegota, wadda a takardar da ta raba a ɓoye a Agusta 1942 ta ce har yanzu tana ɗaukar Yahudawa abokan gabar Polan, amma wanda ya yi shiru a gaban kisa abokin tarayyar mai kisan ne. Daga baya ita kanta aka kai ta Auschwitz. Ban san rukunin da zan saka irin wannan mata ba, kuma ina ganin ƙasarta ma ba ta gama yanke shawara ba.

Da na kwashe wannan duka na faɗa wa Kawu, na ce masa ina ganin 'yan Polan suna son su ci gadon Ulma da Karski ba tare da sun biya bashin Jedwabne ba. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Ɗana, ka yi hankali da misalin nan naka. Bashi daga dukiyar mamaci ake cire shi, ba a shiga aljihun magaji. Kuma Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Yaron da aka haifa jiya a garin nan da kake faɗa, me ya ƙone?" Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Kawu, bai ƙone komai ba, kuma wanda ya kira shi mai laifi ya zalunce shi. Amma ai akwai ayar da ta umarce mu mu tsaya da adalci mu ba da shaida saboda Allah ko da a kan kanmu ne ko iyaye da dangi." Ya ce to a nan ne maganar take, domin magajin da ya san akwai bashi ya ɓoye, daga ranar ya fara nasa laifin, wanda ba gadonsa ya yi ba. Na ga cewa ya gyara mini tunani, domin rikicin Polan yana ƙara dagulewa ne duk lokacin da aka cakuɗa abubuwan nan biyu. Mai tono tarihi yana neman a ba da shaida, mai sauraro kuma yana jin kamar ana yanke masa hukunci, 'yan siyasa kuwa sun gano cewa akwai ƙuri'a a cikin wannan ruɗani.

Ba zan ɓoye cewa karatun ya sa na dubi gida ba, ko da yake abubuwan ba girmansu ɗaya ba kuma ba na haɗa su. Kowane yaro a Arewa ya san abin da ya faru ranar 15 ga Janairu 1966 da yadda aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, amma kaɗan ne aka zaunar da su aka ba su labarin 'yan ƙabilar Ibo da aka kashe a garuruwanmu a watannin Mayu da Satumba na wannan shekara, ko na dattawan da suka ɓoye maƙwabtansu a cikin ɗakunan matansu. A Kudu maso Gabas kuma lissafin yakan fara ne daga inda namu ya tsaya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa.

Kuskure ne a ɗauka cewa Polan murya ɗaya gare ta. Kusan duk abin da na ambata a sama 'yan Polan ne suka tono shi, da harshensu, a jami'o'insu da jaridunsu. Duda ɗin da ya soki neman gafarar Jedwabne shi ne ya tsaya a Jami'ar Warsaw a Maris 2018 ya roƙi waɗanda aka kora a 1968 su yafe wa ƙasar, ko da yake ya jingina laifin ga gwamnatin 'yan gurguzu, wanda ya fi sauƙin furtawa. A Kielce wani ɗan Katolika mai suna Bogdan Bialek ya shafe shekaru yana shirya tattakin tunawa da kisan 1946 duk da zagin da ya sha. A Warsaw an buɗe babban baje kolin gidan tarihin POLIN a 2014, wanda yake ba da labarin shekara dubu na zaman Yahudawa a ƙasar, kuma kowace ranar 19 ga Afrilu, ranar da mazauna killatacciyar unguwar suka ɗauki makami a 1943, matasa 'yan sa kai suna tsayawa a tituna suna raba furen takarda mai launin ruwan ɗorawa ana maƙalawa a ƙirji. A ƙananan garuruwan da babu Bayahude ko ɗaya, ana samun malaman makaranta da ɗalibansu suna share maƙabartun da ciyawa ta cinye, suna dawo da duwatsun kaburbura da aka taɓa shimfiɗa hanya da su. A ɗaya gefen kuma akwai Grzegorz Braun, ɗan majalisar da ya kashe kyandiran bikin Yahudawa da na'urar kashe gobara a cikin ginin majalisa a Disamba 2023, wanda duk da haka ya sami sama da kashi 6 cikin ɗari a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa na 2025. Wanda ya lashe zaɓen, Karol Nawrocki, shi ne shugaban IPN kafin nan, hukumar da a 'yan shekarun nan ta fi mayar da hankali ga jarumai da shahidai fiye da irin binciken da ta yi a 2001.

Ana gab da taron cika shekara 84 a watan Yuli 2025, aka wayi gari an girke wasu manyan duwatsu ɗauke da alluna a wani fili mai zaman kansa da ke dab da wurin da rumbun yake a da, rubutun da ke jikinsu yana musanta cewa mutanen garin ne suka yi kisan, yana kuma jero zarge-zarge a kan Yahudawa. Na nuna wa Kawu hotunan a waya, sai ya ce in karanta masa abin da aka rubuta a kan dutsen hukuma, wanda aka kafa a 2001 bayan an cire tsohon. Na fassara masa ma'anarsa: an kafa shi ne domin tunawa da Yahudawan Jedwabne da kewayenta, maza da mata da yara, abokan tarayya a mallakar wannan ƙasa, waɗanda aka kashe aka ƙone da ransu a wannan wuri ranar 10 ga Yuli 1941. Ya ce in sake dubawa ko na tsallake layin da ya faɗi wanda ya kashe su. Na sake karantawa a hankali daga farko, ban tsallake komai ba.